Ta yaya ake auna takardar bayanin kayan aikin kasuwar hasashe kafin a ɗora shi a kan wakilin AI?

ɗan_harobanda

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka saba haɗa wakilin AI, wato manhajar da ke kiran wasu kayan aiki da kanta don ta amsa tambaya, da API, wato ƙofar da manhaja ke karɓar bayanai daga wata.

Akwai wani ƙaramin kayan aiki da aka rubuta bisa tsarin MCP, wanda ta hanyarsa ake haɗa wakilin AI da kayan aiki, yana jawo bayanai daga kasuwannin hasashe guda uku: Polymarket, Kalshi da Manifold. A irin wannan kasuwa ana ciniki ne a kan ko wani abu zai faru ko a'a, farashin kuma ana karanta shi a matsayin kashin yiwuwar faruwarsa. Niyya ita ce a ɗora shi a kan wakilin da zai riƙa amsa wa ƴan jarida a nan Yamai tambayoyi irin su kashi nawa kasuwa ke ba wane ya ci zaɓe, ko babban bankin Amurka zai rage kuɗin ruwa a zamansa na gaba. Karatu kawai ake so, babu saye babu sayarwa.

Takardar bayanin da ta zo da shi shafi biyu ce. Akwai yadda ake girka shi, sunayen ayyuka shida, sai misali ɗaya. Aikin da ya fi muhimmanci a ciki, bayaninsa layi ɗaya ne tak, wai yana dawo da farashin kasuwa na yanzu. Da gani takardar tsaf take, sai dai adadin da zai fito daga nan zai iya kaiwa ga bakin mai karanta labarai a rediyo. Me ake dubawa a gane ko takardar ta isa a dogara da ita? Da me ake farawa?

malam_yantala

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka fara da sanin cewa takardu biyu ne a gabanka. Ta farko ita ce shafi biyun nan, wadda aka rubuta don mutum. Ta biyu tana cikin kayan aikin kansa. A tsarin MCP, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamba 2024, kowane aiki yana zuwa da suna, da bayani, da tsarin abin da yake karɓa wanda ake kira inputSchema. Wannan kaɗai wakilin ke gani lokacin da zai yanke shawarar kiran aiki. Shafi biyun da ka karanta bai taɓa ganinsu ba. Saboda haka ka haɗa kayan da MCP Inspector, manhajar gwada irin waɗannan kayan aiki, ka nemi jerin ayyukan, ka kwafe bayanin kowanne a fayil guda. Abin da ke cikin fayil ɗin nan shi za ka auna.

Yanzu layin nan na farashin kasuwa na yanzu. Wane farashi? A kasuwar da ke da allon tayi, farashi huɗu ne ke akwai a lokaci guda: tayin mai saye mafi tsada, farashin da mai sayarwa zai sallama mafi sauƙi, tsakiyar biyun, da farashin cinikin ƙarshe. Duk wanda ya taɓa shiga Katako ya san tayi daban sallama daban. Polymarket a shafinsu tsakiyar suke nunawa, amma idan tazarar da ke tsakanin tayi da sallama ta wuce santi 10, sai su koma nuna cinikin ƙarshe. Mu ɗauki misali: tayi 0.40, sallama 0.56, cinikin ƙarshe 0.55. Tazara santi 16 ke nan. Shafin zai nuna kashi 55, kayan aikin da ke lissafa tsakiya zai ce kashi 48. Ɗan jarida ya buɗe shafin a salularsa ya ga 55, wakilinka ya ce 48, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Takarda mai kyau za ta faɗi wanne daga cikin huɗun take dawowa da shi, ta kuma dawo da tazarar kusa da shi. Idan ba ta faɗa ba, wannan babban giɓi ne, kuma shi ne na farko da zan rubuta.

Kalshi nasu allon ya ma fi rikita wanda bai sani ba. Tayi kawai suke ba ka, na gefen e da na gefen a'a. Farashin sallama kai za ka fitar da shi: idan tayi mafi tsada a gefen a'a santi 55 ne, sallamar e ita ce 100 a cire 55, wato 45. Idan tayin e 41 ne, tsakiya 43. Wakilin da ba a gaya masa wannan ba zai ga 41 da 55 ya ɗauka tayi da sallama ne, ya ba ka 48. Duba ko takardar ta ce kayan ya riga ya yi wannan lissafin ko ɗanyen allo yake miƙawa.

Sai ma'auni. Polymarket daga 0 zuwa 1 suke rubuta farashi. Kalshi an san su da santi, daga 1 zuwa 99. Manifold kuma ba kuɗin gaske ake sawa ba, kuɗin wasa ne da suke kira mana, don haka yawan cinikinsu ba a kwatanta shi da na sauran biyun. Kayan da ya haɗa kasuwanni uku a aiki ɗaya dole ya faɗi ma'aunin da ya mayar da su duka, filin da filin.

Abu na gaba, lambobin shaida. A Polymarket kasuwa ɗaya tana da slug wanda ke cikin adireshin shafi, tana da id, tana da conditionId, sannan kowane sakamako yana da tasa lambar. Allon tayi da wannan lamba ta ƙarshe ake nemansa. Idan inputSchema ya ce kawai a ba shi market_id ba tare da faɗin wacce ba, wakilin zai riƙa cankawa. Lambar sakamakon kuwa doguwa ce, ta haura alƙalumma 70, kuma JavaScript yana fara lalata adadi da zarar ya wuce alƙalumma 16. Dole tsarin ya ce rubutu ce, ba adadi ba. In ka ga an sa mata nau'in number, ka san wanda ya rubuta bai gwada ta da kasuwar gaske ba.

Wani tarko da ya kamata takarda ta ambata: a Gamma API na Polymarket, filayen outcomes da outcomePrices jeri ne da aka naɗe cikin rubutu, sai an sake warware su. Wanda ya ɗauki abu na farko kai tsaye, alamar buɗe baka zai samu maimakon farashi. Kuma na farko a jerin ba kullum yake nufin e ba, a kasuwannin wasanni sunayen ƙungiyoyi ne ke wurin. Sai an jera filayen biyu kusa da juna ake sanin farashin wa ake karantawa.

ba_adara

Sannu da aiki Malam, ka share fage. Ni daga nan Tawa zan ƙara a kan lokaci da hukunci, don a ganina nan ne kuskure ke fita ya isa kunnen jama'a ba tare da kowa ya lura ba.

Kowane adadi ya kamata ya zo da lokuta biyu: lokacin da kayan ya jawo shi, da lokacin cinikin ƙarshe a kasuwar. Kasuwar da ba a yi ciniki a cikinta ba tun kwana tara, farashinta tsoho ne ko da yanzu-yanzu aka jawo shi. Sannan a duba ko takardar ta faɗi tsawon lokacin da kayan ke ajiye amsa kafin ya sake tambayar sabar. Ajiyar daƙiƙa 30 ba komai ba ce ga zaɓen da saura wata uku. A daren ƙidayar ƙuri'a kuwa, ajiyar minti 15 tana iya sa a karanta labarin da ya riga ya mutu.

Yadda ake rubuta lokacin ma abin dubawa ne. Manifold da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa suke ƙirga lokaci, alƙalumma 13. Wasu wuraren da daƙiƙa ne, alƙalumma 10. In aka karanta mai 10 a matsayin mai 13, sai kwanan wata ya faɗa watan Janairu 1970. Wannan aƙalla ana ganinsa da ido. Wanda ba a gani shi ne bambancin agogo. Kasuwanni da yawa da agogon gabashin Amurka suke rufewa. Nijar tana gaban agogon duniya na UTC da awa 1 duk shekara, su kuwa suna canza nasu sau biyu, a Lahadi ta biyu ta watan Maris da Lahadi ta farko ta watan Nuwamba. Kasuwar da ke rufewa ƙarfe 11:59 na dare ranar 31 ga Disamba a can, a Yamai ƙarfe 5:59 na asubahin 1 ga Janairu ne. A watan Yuli tazarar awa 5 ce, sai ya zama 4:59. Takardar da ta rubuta lokacin rufewa ba ta faɗi agogon da take nufi ba, ba ta gama aikinta ba.

Hukunci kuma shi ne ya fi damuna. Kan maganar kasuwa layi ɗaya ne, amma abin da ake yanke hukunci a kansa shi ne dogon rubutun ƙa'idojin da ke ƙasa: wace majiya za a dogara da ita, me ya ƙirgu, me bai ƙirgu ba. Kowa ya ga abin da ya faru a tsakiyar 2025 da kasuwar ko shugaba Zelensky na Yukren zai sa kwat kafin watan Yuli. An ga hotunansa cikin baƙar riga, jaridu da dama suka kira ta kwat, aka yi ta jayayya, daga ƙarshe kasuwar ta ƙare a kan a'a. Wakilin da kan magana kawai yake gani zai yi bayanin farashin nan ba daidai ba. Don haka a tambayi takardar: akwai aikin da ke dawo da cikakken rubutun ƙa'idoji? Yana yanke shi in ya yi tsawo? In yana yankewa, a harafi na nawa, kuma yana sa alama?

A kuma duba ko ta bambanta kasuwar da aka rufe da wadda aka yanke wa hukunci. A Polymarket wani ne ke gabatar da sakamako ta hanyar UMA, wani tsarin yanke hukunci na waje, tare da jingina, a jira awa 2 ko wani zai ƙalubalanta. In rigima ta yi nisa sai masu riƙe da kuɗin UMA su kaɗa ƙuri'a, abin ya ɗauki kwanaki. Kalshi kuwa kasuwa ce da ke ƙarƙashin hukumar CFTC ta Amurka mai sa ido kan irin waɗannan kasuwanni, su da kansu ke yanke hukunci bisa ƙa'idojin kwantiraginsu. Farashin 0.99 a kasuwar da ake jayayya a kanta ba sakamako ba ne. Filin matsayin kasuwa ya kamata takarda ta lissafo duk ƙimar da zai iya ɗauka, da ma'anar kowacce.

Ƙarami ne amma namu ne: kalmar dala. Wakili in ya amsa da Hausa ya ce dala 20, mai sauraro a kasuwar Tawa sefa 100 zai ji. Ba laifin takardar ba ne, amma in ba ta sa sunan kuɗi a kowane fili ba, babu yadda za ka tilasta wa wakilin ya riƙa cewa dalar Amurka. Haka waƙafi da ɗigo: mu da muka yi lakkol da Faransanci 0,62 muke rubutawa, API kuwa 0.62 yake karɓa, kuma 1,500 a wurinsu dubu ɗaya da ɗari biyar ne.

ɗan_harobanda

Allah ya saka da alheri Malam, Allah ya saka da alheri Hajiya. An jawo jerin ayyukan da Inspector. Bayanin da ke ciki daidai yake da na shafi biyun, layi ɗai-ɗai. Aikin bincike yana karɓar query da limit kawai, babu maganar shafi na gaba. Babu outputSchema ko ɗaya, wato tsarin abin da aiki ke dawowa da shi. Shin wannan ya isa a ajiye kayan, ko akwai hanyar gwaji da za ta nuna girman matsalar a ƙirge? Masu biyan kuɗin aikin adadi suke so su gani.

dattijon_plateau

Ɗana, kada ka yi saurin ajiye shi. Gajeren bayani ana gyara shi cikin yini ɗaya in lambar kayan a buɗe take. Abin da ba ya gyaruwa da sauƙi shi ne bayanin da ya saɓa wa abin da kayan ke yi. Nan na ɗan bambanta da Malam: karanta takarda yana nuna maka giɓi, amma bai nuna maka ƙarya sai ka kira aikin ka kwatanta.

Ga gwajin da zai ba ka adadi. Rubuta tambayoyi 20 irin waɗanda ƴan jaridar za su yi da bakinsu. Kafin ka ba wakilin, ka buɗe shafin kasuwar ka rubuta amsar kowacce da hannu tare da lokacin. Sannan ka ba wakilin kayan aikin shi kaɗai, ba tare da ƙarin bayani daga gare ka ba, ka yi kowace tambaya sau 3 a sabuwar hira. Gwaji 60 ke nan. Sau 3 ɗin yana da dalili: wakili yana iya cankar daidai sau ɗaya, amma bayanin da bai fito fili ba zai sa amsoshin uku su bambanta. Ka adana kowane kira da abin da aka tura da abin da ya dawo.

Kowane kuskure ka sa shi a ɗaya daga cikin gida huɗu: ya kira aikin da bai dace ba, ya kira daidai amma ya cika fili ba daidai ba, bayanai sun dawo daidai amma ya fassara su ba daidai ba, ko kayan ne da kansa ya dawo da abin da ya saɓa wa shafin. Ukun farko ciwon takarda ne. Na huɗu ciwon lamba ne, kuma shi ne zai sa a ajiye kaya. Bayan nan ka sake rubuta bayanan ayyukan, ka maimaita gwaji 60 ɗin. Bambancin zagaye na farko da na biyu shi ne adadin da za ka nuna wa masu biyan kuɗi.

Zaɓin tambayoyin shi ne rabin aikin. Kada duka su zama masu sauƙi. Sa guda 4 a kan lamarin da ke da ƴan takara da yawa, domin a Polymarket lamari ɗaya yana ƙunshe da kasuwanni da dama, kowane ɗan takara da tasa ta e ko a'a. Zaɓen shugaban Amurka na 2024, wanda cinikinsa ya haura dalar Amurka biliyan 3, haka aka tsara shi. Kalshi ma hawa uku ne, jeri, lamari, kasuwa, kowanne da nasa ticker, wato lambar shaidarsa. Wakilin da ba a bambanta masa waɗannan ba zai dawo maka da ɗan takara ɗaya ya ce amsar ke nan. Sa guda 3 a kan kasuwar da ta riga ta ƙare. Sa guda 3 a kan ƙananan kasuwanni masu faɗin tazara, ka ga ko zai yi gargaɗi. A nan ne za ka ga ko takardar ta bambanta jimillar cinikin da aka taɓa yi da kuɗin da ke kan allo yanzu, don kasuwa tana iya samun tarihin miliyoyi alhali yau oda ɗaya ta dala ɗari biyu ta Amurka za ta motsa farashinta.

Sa guda 3 kuma a kan abin da da wuya a samu kasuwarsa, misali farashin buhun albasar Galmi bayan kaka. Amsar da ake so ita ce babu kasuwa. Abin da ke faruwa a kayan da ba a yi wa bayani ba shi ne binciken ya dawo da abin da ya yi kama kaɗan, wata kasuwar farashin abinci a Amurka, wakilin kuma ya ɗora amsa a kai. Takarda ta faɗi yadda binciken ke aiki, ko kalma yake nema ko ma'ana, da abin da ke dawowa in babu komai. Ta kuma faɗi harshe. Kanun kasuwannin nan da Turanci suke, tambayar da aka tura da Hausa ko Faransanci kai tsaye za ta iya dawowa wayam alhali kasuwar tana nan. Layi ɗaya da ya ce a fassara kalmar bincike zuwa Turanci kafin a tura ya warware wannan.

Rashin shafi na gaba da ka ambata matsala ce ta gaske. Kalshi da cursor, wato alamar inda aka tsaya, suke raba jerinsu, Gamma da limit da offset. Kayan da ya kawo 20 na farko ya yi shiru, wakilin zai ɗauka su ke nan duka.

Sai kurakurai, waɗanda mu nan muka fi kowa gamuwa da su saboda rezo da ɗaukewar kuran. Cire intanet a tsakiyar kira ka ga me ke dawowa. Tura kira 50 a jere ka ga ko zai nuna maka 429, lambar da ke nufin kira ya yi yawa, ko zai haɗiye shi. MCP yana da filin isError don irin wannan. Mafi muni shi ne kayan da in ya kasa sai ya dawo da sifili ko tsohuwar amsa ba alama, domin sifili a kasuwar hasashe ma'anarsa ita ce abin ba zai faru ba. Takarda ta faɗi daƙiƙa nawa yake jira kafin ya haƙura, da sau nawa yake sake gwadawa.

malam_yantala

Na yarda da gyaran Baba. Abu biyu zan ƙara tunda an ce karatu kawai ake so.

Da yawa a cikinmu ba za su taɓa abin da ya shafi sa kuɗi a kan sakamako ba, caca ce a wurinsu, kuma gidan jaridar da zai yi amfani da wannan dole ya iya rantsuwa cewa kayan ba ya iya saye. Farashi da jerin kasuwanni na Polymarket ana karanta su ba tare da makulli ba. In matakan girkawa suka nemi makullin sirrin jakar kuɗi, a tsaya nan a tambayi dalili. Makullin Kalshi kuwa na RSA ne da ake sa hannu a kan kira da shi, kuma suna da filin gwaji daban da na gaske, takarda ta faɗi wanne kayan ke nufa in ba a canza komai ba. Alamar readOnlyHint da ke cikin MCP, mai cewa aikin karatu kawai yake yi, iƙirarin marubucin kayan ne kawai, tsarin ba ya tabbatar da ita. A buɗe lambar a nemi duk inda ake tura oda.

Na biyu, rubutun kasuwa rubutun baƙo ne. A Manifold kowa yana iya buɗe kasuwa ya rubuta abin da ya ga dama a bayaninta, har da jimlar da aka tsara don ta yi kama da umarni ga wakili. A duba ko takardar ta ce tana keɓe wannan rubutu a filinsa daban da sunan wanda ya rubuta. Cikin tambayoyi 20 ɗin, a sa ɗaya a kan kasuwar gwaji da aka buɗe da irin wannan jimla a ga yadda wakilin zai yi.

ba_adara

Ka kuma duba ranar da aka taɓa takardar ta ƙarshe, ka kwatanta da ranar da aka taɓa lambar ta ƙarshe. In lambar ta canza sau goma takardar tana nan yadda take, misalin da ke ciki ka kwafe shi harafi da harafi ka kira, ka jera filayen da suka dawo kusa da waɗanda aka rubuta. Kasuwannin nan suna ƙara filaye suna cire wasu, don haka ka kulle lambar sigar da ka gwada a fayil ɗin girkawa, ka ajiye tambayoyi 20 ɗin, ka sake bi ta kansu duk lokacin da za a ɗaga siga. Amsoshin hannu na kasuwannin da ke buɗe sai an sake rubuta su a ranar gwajin, na waɗanda suka ƙare kuwa suna nan yadda suke.